BABI NA BIYU: TARIHIN FAIFAN GARMAHO DA SAURARONSA A GIDAJEN HAUSAWA

2.0 Gabatarwa

Kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa, duk wanda yake son jin kiɗa ko waƙa tilas ne ya je inda makaɗi yake, ko kuma ya gayyato makaɗin ya zo ya same shi. Waƙa ba ta rabuwa da mai ita, kuma ba ta rabuwa da dalilin yin ta. Kiɗan fada yana ƙofar fada, kiɗan noma yana gona ranar gayya, kiɗan dambe yana fage bayan kaka, na buki kuma yana gidan buki. Da taro ya watse, waƙa ta tafi ke nan, sai ɗan abin da ya maƙale a kan masu sauraro. A wannan babi za a bi tarihin abin da ya fara sauya wannan tsari, wato faifan garmaho, tun daga ƙirƙiro shi a Amurka har zuwa lokacin da ya sami wurin zama a falon ma'aikata da attajirai a biranen Arewacin Nijeriya, sannan a ga yadda kaset ya ture shi. Abin da babin yake son nunawa shi ne, ko da yake faifai bai taɓa zama kayan kowa da kowa ba, shi ne ya fara bai wa Bahaushe ikon zaɓen waƙar da zai ji, da lokacin da zai ji ta, da sau nawa zai maimaita ta, alhali yana zaune a ɗakinsa.

2.1 Ma'anar Faifai da Garmaho

Kalmar garmaho ararriya ce daga Ingilishi, an dai gyara ta ne ta dace da bakin Bahaushe. Ita kuwa kalmar faifai ba a aro ta daga ko'ina ba. Faifai tun asali shi ne abin nan mai faɗi, kewayayye, wanda mata suke saƙawa domin rufe ƙwarya da bakace da fifita abinci. Da Bahaushe ya ga wani baƙin abu kewayayye mai zane-zane a jikinsa waɗanda suke bin juna suna zagayawa, sai ya ga ai bai da maraba da faifan da ya sani a gida, ya ba shi sunan. Kamar ta ma fi haka kusa idan aka lura da kyau, domin mai saƙar faifai takan faro ne daga tsakiya tana naɗawa har ta kai baki, ita kuma allurar garmaho takan faro daga baki tana bin zanen har ta kai tsakiya. Wannan sunan bai mutu da mutuwar garmaho ba. Shi ne aka ci gaba da amfani da shi ga faifan sidi, har aka kai ga cewa faifan bidiyo da faifan murya ga abin da yake cikin waya, wanda ba shi da wata siffa da za a taɓa da hannu balle a ce kewayayye ne.

2.2 Asalin Faifai da Matakan da Ya Biyo

A shekarar 1877 ne wani Ba'amurke mai suna Thomas Edison ya ƙera na'urar farko da take ɗaukar murya ta kuma maido da ita. Tasa na'urar ba ta amfani da faifai, a jikin wani abu mai siffar gwangwani take zana muryar. Bayan shekara goma, wato a 1887, sai Emile Berliner, wani Bajamushe mazaunin Amurka, ya fito da dabarar zana murya a kan abu mai faɗi. Fifikon dabararsa shi ne, daga uwa guda ɗaya ana iya buga kwafi dubbai, kamar yadda ake buga hatimi. Daga nan ne waƙa ta zama haja, wadda za a yi wa kuɗi, a ɗaure cikin akwati, a sa a jirgin ruwa.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. A jikin faifan akwai wata siririyar hanya mai kama da kwarin kunya, wadda ta naɗe tun daga baki har tsakiya. Hanyar ba a miƙe sumul take ba, tana da 'yan lanƙwashe-lanƙwashe daidai da yadda muryar da aka ɗauka ta kaɗa iska. Idan faifai yana juyawa allura tana bin hanyar, sai ta riƙa karkarwa, wannan karkarwar ce ake ƙara wa ƙarfi ta fito a matsayin sauti. A garmaho na farko wani ƙaho ne yake ƙara ƙarfin, kuma da hannu ake yi masa wani kamar agogo, don haka ba ya bukatar lantarki ko batir.

Faya-fayan wancan zamani da shalak ake yin su, wani irin ƙaro da wasu ƙwari suke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da maƙwabtanta. Suna da nauyi, ga saurin fashewa kamar tangaran. Suna yin juyi 78 a minti ɗaya, kuma mai faɗin inci 10 ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti uku a kowace fuska. Allurar ta ƙarfe ce, tana dakushewa nan da nan, shi ya sa ake sayar da ita da yawa a cikin 'yan ƙananan gwangwanaye. A 1925 aka fara ɗaukar murya da makirfo, sauti ya ƙara fitowa tangaran. Babban sauyi ya zo ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai na roba mai juyi 33 da sulusi a minti, wanda kowace fuskarsa take ɗaukar sama da minti ashirin. A 1949 kuma kamfanin RCA Victor ya fito da ƙaramin faifai mai inci 7 da juyi 45, wanda yawanci waƙa ɗaya ce a kowace fuska. Faifan roba bai da nauyi, ba ya fashewa da wuri, kuma shashshakar da ake ji a ƙarƙashin waƙa ta ragu ƙwarai.

Sai kuma batun sitiriyo. Ɗan'adam da kunne biyu yake ji, da haka ne yake gane ko sauti daga dama ya fito ko daga hagu. Wani injiniyan kamfanin EMI a Ingila mai suna Alan Blumlein shi ya yi rajistar dabarar kwaikwayon wannan baiwa tun a 1931, inda aka sa kowane gefe na kwarin nan ya ɗauki nasa sautin dabam, ɗaya ya tafi lasifikar dama, ɗaya ta hagu. Blumlein bai ga cin kasuwar dabararsa ba, domin ya mutu a haɗarin jirgin sama a 1942, faya-fayan sitiriyo kuwa sai a 1958 suka cika kantuna. Wanda ya zauna tsakanin lasifika biyu zai ji kamar makaɗan a jere suke gabansa, kowa da inda ya tsaya.

2.3 Shigowar Faifai Afirka ta Yamma

Kamfanonin ciniki na Turawa su suka kawo garmaho gaɓar tekun Afirka ta Yamma tare da sauran hajojinsu, irin su keke da agogo da keken ɗinki. Da farko waƙoƙin Turawa ne kawai a kan faya-fayan. Ba a daɗe ba masu kamfanonin suka gane cewa wanda zai sayi garmaho ya fi son ya ji harshensa yana fitowa daga ciki. A 1922 wani limamin Kirista daga Abekuta, J. J. Ransome-Kuti, kakan Fela, ya rera waƙoƙin coci da Yarabanci a Landan, kamfanin Zonophone ya buga su. Tsakanin 1927 da 1930 wannan kamfani ya ɗauki muryoyin 'yan Afirka ta Yamma da dama a Landan, cikin harsuna irin su Yarabanci da Fanti da Tuwi da Ga da Wolof, har da Hausa. Ke nan harshen Hausa ya hau faifan sayarwa tun kafin a buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939.

A 1931 aka haɗe manyan kamfanonin faifai biyu na Ingila suka zama EMI, wanda a ƙarƙashinsa tambarin HMV yake, mai hoton kare yana sauraron garmaho. Daga 1933 wannan tambari ya riƙa turo faya-fayan kiɗan Kyuba zuwa Afirka, kiɗan da ya yi tasiri ƙwarai a kan makaɗan Kwango. Bayan yaƙi sai kamfanin Decca ya kafu a Afirka ta Yamma, shi ne ya buga faya-fayan E. T. Mensah na Gana waɗanda suka yaɗa kiɗan hailaif a shekarun 1950. Kafin a kai shekarun 1970, Ikko ta zama cibiyar wannan sana'a, inda EMI da Decca da Philips kowanne yake da ofishi, ga ɗakunan ɗaukar murya, ga masana'antar buga faifai. Har ta kai a 1973 Paul McCartney, ɗaya daga cikin mawaƙan Beatles, ya zo Ikko ya ɗauki waƙoƙin wani faifansa a ɗakin EMI. 'Yan ƙasa su ma sun shiga sana'ar, kamar Tabansi da Rogers All Stars a Anaca.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan cibiyoyi a Kudu suke. Wannan ya yi tasiri a kan yawan waƙoƙin Hausa da suka hau faifai, kamar yadda za a gani nan gaba.

2.4 Garmaho a Ƙasar Hausa

Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya buɗe hanyar fitar da gyaɗa da shigo da kayan Turai. Ta wannan hanya garmaho ya biyo ya sauka a kantunan Turawa da na Kwara. Waɗanda suka fara mallakarsa su ne waɗanda kuɗin zamani ya fara shiga hannunsu, wato sarakuna da attajirai da ma'aikatan En'e da malaman makarantar boko da ma'aikatan jirgin ƙasa, sai kuma baƙi 'yan Kudu mazauna Sabon Gari. Da yake garmaho mai wani ba ruwansa da lantarki, ana iya ɗaukarsa zuwa ƙauye, a aje shi a kan tabarma a gindin bishiya, jama'a su kewaye shi.

Ba kowa ne ya karɓe shi hannu biyu ba. Tun kafin zuwansa malamai suna da magana a kan kaɗe-kaɗe, musamman waɗanda suke haɗa maza da mata. Ga shi kuma inda aka fi jin ƙarar garmaho a birane shi ne otal-otal da mashaya da gidajen mata masu zaman kansu, don haka sunan waɗannan wurare ya shafe shi. Magidanci mai kamun kai sai ya yi tunani kafin ya shigo da shi cikin gida. Wannan ƙyama ta riƙa raguwa ne a hankali, kuma rediyo ta taimaka wajen rage ta, tun da abin da hukuma da kanta take sakawa safe da yamma yana da wuya a ci gaba da ɗaukarsa kayan 'yan iska.

Ya kamata a tsaya a kan dangantakar faifai da rediyo, domin sau da yawa akan haɗa su a yi musu kuɗin goro. A 1944 aka kawo wa Kano rediyo mai waya, wadda akwati ce kawai da ake rataye wa a bango, abin da aka turo daga tasha shi za a ji. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Rediyo ta fi faifai isa ga jama'a nesa ba kusa ba, amma mai sauraronta ba shi da ta cewa. Iyakar ƙoƙarinsa ya rubuta wasiƙa ko ya sayi kati ya aika wa shirin zaɓi sonka, ya zauna jiran ranar da za a karanta sunansa. Shi kuwa mai faifai zaɓi sonkansa yana cikin kabad ɗinsa. Su kansu ma'aikatan rediyon ai daga faya-fayai suke saka yawancin waƙoƙin waje da ake roƙa, saboda haka ko talakan da bai taɓa riƙe faifai ba ya sha jin sa ta bayan gida.

2.5 Zamanin Rediyogiram da Sitiriyo

Faifan roba ba ya yiwuwa da garmaho mai wani, domin nauyin hannun garmahon da kaifin allurarsa za su cinye shi. Yana bukatar na'ura mai lantarki ko batir. Don haka yaɗuwarsa ta bi yaɗuwar wuta. An kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka kafa hukumar NEPA a 1972, wuta ta ƙara shiga unguwanni a Kano da Kaduna da Zariya da Jos da sauran manyan garuruwa. A shekarun 1960 abin yayi shi ne rediyogiram, wata doguwar akwatin katako mai ƙafafu wadda ta haɗa rediyo da abin juya faifai da lasifika a wuri guda, irin na kamfanonin Grundig da Philips da Pye. Rabinta kayan sauti ce, rabinta kayan ado. Wasu suna da sandar da ake jera faifai da yawa a kai, idan ɗaya ya ƙare wani ya faɗo da kansa.

Shekarun 1970 su ne ganiyar faifai a Nijeriya. Farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo daga ƙarshen 1973, sannan a farkon 1975 aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin Udoji haɗe da ariyas na watanni. Kuɗi ya zo wa mutane a dunƙule, da yawa suka nufi kanti, wasu babur, wasu firiji, wasu kayan sauti. A lokacin kayan Japan sun riga sun kama kasuwa, irin su Sony da National da Pioneer da Kenwood da Sansui da Akai. Maimakon akwati ɗaya, sai kayan suka rarrabu: ga abin juya faifai, ga na'urar ƙara ƙarfin sauti, ga rediyo, ga manyan lasifiku biyu da ake girkewa a kusurwoyin falo. Gaba ɗayansu ake kira sitiriyo. Ga matashin ma'aikaci ko ɗalibin jami'a, girman lasifikarsa da yawan faya-fayansa wani ma'auni ne na wayewa a idon abokansa.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne abin da yake cikin kabad ɗin. Kantin da yake sayar da faifai ba ya tambayar ƙabilar mai saye, don haka a jere ɗaya ana iya samun Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos kusa da hailaif ɗin Rex Lawson da Victor Uwaifo, da jujun Ebenezer Obey da Sunny Ade, da Fela, da kiɗan Kwango na Franco. Daga Amurka ga Jim Reeves, wanda farin jininsa a Nijeriya ya daɗe bayan mutuwarsa a 1964, ga James Brown da ya zo Ikko a 1970. Daga Jamaika ga Jimmy Cliff da Bob Marley. A 1976 waƙar Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga ta cika ƙasar baki ɗaya. Ta fuskar gabas kuma akwai waƙoƙin Larabci na Masar da Sudan, sai uwa uba waƙoƙin finafinan Indiya da muryoyin Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi da Kishore Kumar, waɗanda gidajen silima suka riga suka sa wa jama'a ƙaunarsu. A da, kafin mutum ya ji waɗannan kaɗe-kaɗe sai ya yi tafiyar shekaru. Yanzu ga su a yammaci ɗaya, tsakanin la'asar da magariba.

Sauraron faifai yana da nasa ladubba, waɗanda yanayin abin ne ya tilasta su. Ba a kama faifai sai ta baki, don kada maiƙon hannu ya shiga zanen. Akan goge shi da tattausan ƙyalle kafin a ɗora, a sauke allura a hankali, idan fuska ɗaya ta ƙare a tashi a juya. Yara ba sa zuwa kusa, domin ƙarzuwa ɗaya ta isa ta sa allura ta riƙa tsalle ko ta tsaya tana nanata kalma guda. Yanayin ƙasar Hausa ma bai yi wa faifai da daɗi ba. Zafin bazara yana lanƙwasa roba idan aka bar ta a rana ko a cikin mota, ƙurar hunturu kuma tana cika zanen, ga shi busasshiyar iska tana sa robar ta riƙa jawo ƙura da kanta. Duk wannan hidima ta sa sauraron faifai ya zama zama na musamman. Mai gida shi yake zaɓe, baƙi su kasa kunne, kwalin faifan yana zagayawa hannu zuwa hannu ana kallon hoton mawaƙin. Mutane da yawa a jikin kwali suka fara ganin fuskar wanda suka daɗe suna jin muryarsa.

2.6 Faifai da Makaɗan Hausa

Kamfanin EMI ya buga faya-fayan Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos da wasu makaɗan Hausa, amma idan aka kwatanta da ɗimbin faya-fayan juju da hailaif, rabon Hausa kaɗan ne. Nisa daga Ikko dalili ne, ƙarancin masu na'ura a Arewa ma dalili ne. Akwai kuma dalili na uku wanda ya fi waɗannan zurfi, wato yadda makaɗin Hausa yake samun abincinsa. Shi da ubangida ya dogara, da kyautar da ake yi masa a fage, riga ko doki ko mota ko kujerar Makka. Ɗan abin da kamfani zai biya shi bai taka kara ya karya ba a kan wannan. Makaɗin fada kuwa ba ma shi da cikakken ikon kai waƙar sarkinsa kasuwa.

Duk da haka faifai ya taɓa waƙar Hausa ta fuskoki biyu. Na farko shi ne lokaci. Waƙar baka ba ta da ƙayyadadden tsawo, makaɗi yana ƙara ɗiya yana ragewa gwargwadon waɗanda suke wurin da irin kyautar da take fitowa. Bakandamiyar Shata, alal misali, ba a taɓa rera ta sau biyu iri ɗaya ba. Faifai kuwa yana da baki, idan allura ta kai tsakiya magana ta ƙare. Ke nan tilas makaɗi ya taƙaita, ya zaɓi abin da zai shiga. A nan za a ga cewa salon Ɗanmaraya, mutum ɗaya da kuntiginsa da gajerun waƙoƙi a kan talakawa irin su karen mota, ya fi dacewa da faifai a kan salon makaɗan da suke tafe da kalangai da 'yan amshi. Wani abin kuma, da zarar an buga waƙa, wannan bugun shi yake zama waƙar a kunnen jama'a, har idan makaɗin ya sauya wani abu a fage a ga kamar ya yi kuskure, alhali sauyawar ita ce asalin sana'ar.

Na biyu shi ne nisan da yabo da zambo suke kaiwa. Wanda aka wasa a gidan buki, mahalarta ne kawai suka ji. Wanda aka wasa a faifai, sunansa zai shiga garuruwan da bai taɓa takawa ba, ya kuma wanzu bayan ransa. Haka nan wanda aka yi wa zambo ba shi da damar cewa abin ya wuce. Wannan ya ƙara wa makaɗi daraja da kwarjini a wurin masu kuɗi da masu mulki, ko da kuwa kuɗin faifan kansa bai shigo aljihunsa ba.

Akwai wani rukunin faya-fayan Hausa da bai shiga gidajen Hausawa ba sam. A 1963 da 1964 wani masani Ba'amurke mai suna David Ames ya ɗauki kaɗe-kaɗen Hausa a ƙasar Zazzau, aka buga su a faifai biyu a Jamus cikin jerin kaɗe-kaɗen Afirka na hukumar UNESCO. Haka ma kamfanin Ocora na Faransa ya buga kaɗe-kaɗen Jamhuriyar Nijar. Waɗannan an yi su ne domin ɗakunan karatu da masu bincike na Turai da Amurka, kuma a can aka adana su da kyau.

2.7 Faɗuwar Faifai da Sake Ɓullowarsa

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, amma sai a ƙarshen shekarun 1970 ya kama ƙasar Hausa sosai. Kaset ya fi faifai ta kowace fuskar da ta dami talaka. Yana da araha, rakoda tana aiki da batir, ana rataya ta a kafaɗa ko a ɗaure a keke, ba ta tsalle a kan hanya mai gargada. Fiye da komai, kaset yana ɗauka, ba sakawa kaɗai yake yi ba. Kowa yana iya aje rakoda gaban makaɗi ko mai wa'azi, ba sai an je Ikko ba. Masu shaguna suka riƙa sayen faifai ɗaya suna juye shi a kaset ɗari. Dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ta zo ne bayan aikin gama ya gama. Ga kuma tsuke bakin aljihu da gwamnati ta fara a 1982, sannan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, robar da ake buga faifai da ita kuwa daga waje ake sayo ta. Ɗaya bayan ɗaya manyan kamfanonin suka sayar da hannun jarinsu suka tafi: EMI ya koma Ivory Music, Polygram wanda ya gaji Philips ya koma Premier. Faifan sidi, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, ya tarar da faifan roba ya riga ya kwanta a Nijeriya. Rediyogiram ta koma teburin aje kwanuka, faya-fayai kuma aka tura su ƙarƙashin gado ko ɗakin shirgi, inda zafi da ƙura suka ƙarasa da yawansu.

A ƙasashen Turai da Amurka kuwa faifan roba ya farfaɗo daga wajajen 2007. A 2020 kuɗin da aka samu daga sayar da shi a Amurka ya zarce na sidi, karo na farko tun 1986, a 2022 kuma aka sayar da faifan roba miliyan 41 a kan sidi miliyan 33. Wannan farfaɗowa ta sa dillalai daga waje suka riƙa bin kasuwanni da tsofaffin shaguna a Nijeriya da Gana suna sayen faya-fayan shekarun 1970, kamfanoni irin su Strut da Soundway na Ingila suna sake buga waƙoƙin. Mafi yawan abin da suka sake bugawa kiɗan Kudu ne. Daga ɓangaren Hausa, a 2013 wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Sahel Sounds ya buga kiɗan Mamman Sani na Nijar, wanda a 1978 a kaset kawai ya fito, ya kuma buga wani faifai mai suna Harafin So da ya tattara waƙoƙin finafinan Hausa na Kano. Waɗannan waƙoƙi da fiyano da kwamfuta aka yi su, domin sidi da wayar hannu, kuma yawancin matasan da suka taso da jin su ba su taɓa ganin allura ta sauka a kan faifai ba.